Tsatsar da Katung Ya Zana

Aikin Munzali neman aibu ne, kuma ya iya. Kamfanin da yake wa aiki, wani ɗan wuri a bayan tashar jirgin Metro ta Takoma a Amurka, motocin finafinai yake ƙerawa, ƙanana, waɗanda tsawonsu bai kai kamu ɗaya ba. Ba na yara ba ne. Manya masu furfura ke saye su kulle a gilashi, kuma in madubin gefe ya ɗara na fim ɗin da kaurin farce, sai sun gano, sai sun yi wa kamfanin tsinuwa a intanet. Komai na motar gaske ana raba shi gida goma sha takwas a ɗauki ɗaya: taya, sitiyari, har kan ƙusa. Munzali ke zama da ma'auni da tabarau mai ƙara girma, ya ce wannan ya yi, wannan bai yi ba.

Mahaifiyarsa, Hajiya, wadda ta zo daga Kano don a duba idonta, ba ta ga aiki a nan ba. Yana jin ta a waya tana gaya wa ƙawayenta cewa ɗan nata da aka sayar da gona don ya zama injiniya yana nan Amurka yana haɗa motar langa-langa. Tana faɗa tana dariya, dariyar ce ma ta fi cin sa.

Shi ya sa ran Juma'a ya yi abin da dokar kamfani ta ce duk wanda ya yi a bakin aikinsa. Ya naɗe samfurin sabuwar motarsu a tawul, ya sa a jaka, ya kawo gida.

A-kori-kura ce, ta wani tsohon fim, wadda ta ratsa daji ta sha duka. Samfurin guda ɗaya ne tak a duniya, shi masana'anta za ta kwafa, kuma ran Talata wakilan masu fim ɗin za su zo su gani su sa hannu. Katung ne ya yi mata fenti, mutumin kudancin Kaduna da ya karanta zane a Zariya, wanda takardar zamansa a ƙasar take rataye da wannan aiki. Tun bazara yake kanta. Yana tsayar da fim ɗin hoto bayan hoto, yana ɗora tsatsa a inda tsatsa take, taɓo a inda taɓo ya fantsama, da burushin da gashinsa bai fi na gira ba. Har zanen yatsa da jarumin ya bari a ƙurar ƙofa, yana nan.

Munzali ya ajiye ta a teburin falo ya yi ta bayani. Hajiya ta kawo ido kusa, ta ja baya, ta taɓe baki. Abin da ta ce kawai shi ne Turawa ba su da kunya.

Da safe ya kai 'yarsa Afnan karatun Asabar. Da ya dawo, ƙamshin omo ne ya tare shi tun daga ƙofa. Motar tana kan faranti a bakin taga tana shan iska, tana ƙyalli kamar sabuwar tasa. Babu tsatsa, babu taɓo. A wasu wuraren soson waya ya ci har ƙarfe. Bambar gaba, wadda Katung ya lanƙwasa daidai yadda ta lanƙwashe a fim, an miƙe ta, an kuma shafa wa motar man zaitun.

"Ka ga yanzu ta zama abin nunawa," in ji Hajiya. "Da ka kai ta haka sai a ce gidanku babu mace."

Ya buɗe baki. Ana cewa uwa ba ta laifi, kuma masu faɗar haka yawanci ba a taɓa wanke musu aikin wata biyar da soson waya ba. Amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Sannu da aiki, Hajiya. Allah ya ƙara girma."

A kicin ya tsare matarsa Hasiya, ya tambaye ta tana ina aka yi wannan. Ta ce tana nan, ita ce ma ta miƙa omon. Ta tuna masa cewa shi da bakinsa ya gaya mata, ranar da Hajiya ta sauka, kada ta kuskura ta gyara wa uwarsa magana ko aiki a gidan nan, ko da gishiri ta zuba a shayi. Tana faɗa tana yanka albasa, kuma ya lura ba ta ji haushin abin ba ko kaɗan.

Ran Lahadi bayan an taso coci Katung ya zo, don Munzali ya kira shi ya ce magana ce ta gaggawa. Ya cire takalmi a ƙofa, ya durƙusa har ƙasa ya gaida Hajiya, yana ce mata Mama. Ta ji Hausarsa ta ji daɗi, ta tambaye shi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ta ce ya rame, ta sa aka zubo masa tuwon shinkafa da miyar taushe, ta tsaya a kansa sai da ya cinye. Ta sa masa albarka, ta ce Allah ya ba shi mace tagari.

Sai bayan nan Munzali ya ja shi ɗakin ƙasa ya yaye tawul.

Katung ya matso kusa. Ya ɗaga motar, ya juya ta, ya shinshina man zaitun, ya bi sawun soson da ɗan yatsa. Can ya yi wata 'yar dariya marar daɗi ya ce tasa uwar ma da haka za ta yi. Gyara kafin Talata kuwa, ya ce ko aljani ba zai iya ba, don kowane shafi na fenti sai ya bushe kafin a ɗora wani. Shawararsa ita ce su je wurin Linda, mai kamfanin, su faɗi gaskiya. Munzali ya ce gaskiyar tana farawa ne da cewa ya fitar da samfur daga kamfani, kuma daga nan ba za a saurari sauran ba. Ga yara, ga gida, ga idon Hajiya da ba a gama ba.

"To, Oga, ni bakina alaikum," Katung ya ce. "Ban san ta fita ba, ban ga Mama ba. Ka nemo abin da za ka ce, zan tsaya maka."

Munzali ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya yi godiya. Godiyar ta gaske ce a lokacin. Sai da yamma, yana zaune yana kallon motar, ya fara auna maganar Katung kamar yadda yake auna taya, ya ga iya inda za ta kai.

Ran Litinin ya riga kowa zuwa, ya mayar da motar mazauninta. Da Linda ta shigo ta gani, sai da ta dafa bango. Ta kira su biyun ofishinta.

Munzali ya yi magana da Turancinsa na aiki, a hankali, ba ɗaga murya. Ya ce kafin ya sa hannu a kan kowane samfur yakan gwada ƙarfin fenti da tsumma mai laima, kamar yadda aka saba. Da ya goga wannan, fentin ya biyo tsumman. Ya ci gaba da gogawa don ya ga iya ɓarnar, ya tarar ba a rufe aikin da man kariya yadda ya kamata ba tun daga tushe. Gara da aka gano yanzu, in ji shi, da a ce sai a hannun masu saye. Ya ƙara da cewa dama yana da shakka a kan bambar, lanƙwasarta ta zarce ta fim, ya so ya yi wa abokin aikinsa kara ne shi ya sa bai faɗa da wuri ba.

Linda ta juya ga Katung ta tambaye shi ko yana da abin cewa. Ta ce sawun da take gani a jikin ƙarfen bai yi mata kama da na tsumma ba.

Munzali bai kalle shi ba. Ba ya buƙata. Ya san abin da ke gaban Katung: ko ya yi shiru, ko ya ɗauko sunan tsohuwar da ta tsaya a kansa jiya har ya cinye tuwo, ya shimfiɗa shi a teburin Baturiya, a yi ta tambaya shekarunta nawa, da me ta wanke, a yi dariya a ɗakin shan kofi. Ɗan Arewa, Musulmi ko Kirista, ana iya lissafa abin da zai yi a nan ba kuskure. A kan haka Munzali ya gina maganarsa duka.

Katung ya kalli motar, ya kalli hannuwansa. Da Hausa ya yi magana, ƙasa-ƙasa.

"Malam Munzali, haka za mu yi?"

Linda ta tambayi me ya ce. Munzali ya ce yana cewa ne bai san yadda aka yi haka ta faru ba.

Katung ya ji fassarar, Turancinsa ya fi na Munzali ma. Ya ɗaga kai kamar zai gyara, sai ya ce wa Linda ba shi da abin ƙarawa.

Kafin azahar an karɓe katin shigarsa. Linda ta ce ba ta jin daɗin haka, ta san abin da yake nufi ga takardunsa, amma kwangilar masu fim ɗin na iya suɓucewa, dole ta sami abin da za ta gaya musu. Munzali yana teburinsa lokacin da Katung ke tattara burusansa a kwali. Ya duƙufa kan wata taya da ya riga ya auna tun makon jiya, ya sake auna ta, ta fito daidai.

Da la'asar Linda ta leƙo. Ta ce ta roƙi masu fim ɗin sun ɗaga zuwa wata mai zuwa, yanzu saura mai fenti. Ta ce ta lura mutanen ƙasarsu suna da haƙuri da hannu mai kyau, ko ya san wani a cikinsu, wanda ba zai yi tsada ba?

Munzali ya cire tabarau, ya goge shi da gefen riga. Akwai wata Glory, 'yar Jos, tana zanen fuskokin mutane a bakin gidajen tarihi, ita ma takardunta na neman ƙarewa. A cocin su Katung take.

Ya ce zai kira ta.