Katunan Baba Alhassan

"To, wannan fa?" na ce, na ɗaga katin ina harhaɗa baƙaƙen yadda ya koya mini. "Vicina."

Baba Alhassan bai amsa ba. Yana zaune bisa kujerarsa ta roba a gindin dogon yaro, ƙwaryar furar da na kawo mishi tana tsakanin ƙafafunsa. Na ɗauka tunani yake yi, don haka ya saba in kalma ta gagare shi: ya rufe ido, ya ɗaga yatsa kada in juya katin in ba shi amsa. Amma ran nan yatsan bai tashi ba.

"Baba, yau kuma kai da baki ya mutu? Jiya fa ashirin ka ci a jere."

Ƙuda ya sauka bisa leɓensa, bai kore shi ba. Na taɓa hannunsa, da ɗuminsa, sai hannun ya zame daga gwiwa ya bugi ƙwaryar, fura ta malale ƙasa. Ban san sa'ad da na fara salati ba. Mutumin da yanzun nan yake mini tsiya wai furata ta yi tsami, ga shi an ɗauke shi a gabana da hantsi, ko tari bai yi ba. Na soke katin a ƙugun zanena ban sani ba, na ruga waje ina kiran mutane.

Ni Fatu, katanga ɗaya ke tsakanin gidanmu da nasa a Sabon Birni. Aminin mahaifina ne, shi ya yi mini huɗuba, kuma tun da matarsa Inna Halima ta rasu ni ke kai mishi fura. Malamin dabbobi ne da ya ajiye aiki. Da hanyar Kurawa, inda gonarsa take, ta lalace anka hana shi zuwa, sai ya tono wani tsohon littafi daga ƙasan adaka, bango duk gara ta ci. Ya ce waƙoƙi ne na mutanen Rum na da, da harshensu, Latin. Wata uku kacal aka koya musu harshen a makarantar kwana, malamin ya tafi, ba a sake kawo wani ba.

"Mi za ka yi da harshen da masu shi sunka mutu?" na tambaye shi.

"Manoma ne da makiyaya irinmu, ɗiyata. Malaminmu ya ce akwai shanu a ciki, akwai zuma, akwai fari. Shekara hamsin da biyar ina son in ji mi sunka ce. In na haddace kalma dubu, za ni karanta shafi guda ba tare da ƙamus ba."

Sai ya riƙa yanka kwalin sukari ƙanana. Gaba ya rubuta Latin, baya ya rubuta Hausa. Gwangwanin madara uku gare shi: na waɗanda sunka zauna, na masu rawa, da na masu taurin kai. Ni ce mai tambaya, don ya ce in shi kaɗai ne hannunsa satar amsa yake yi. Kalmar da ta ƙi zama kuwa, sai ya naɗe katin a leda saboda damina, ya ɗaure da zare, ya kai shi wurin abin da kalmar ke nufi, ya riƙa cin karo da shi har ta shiga. Ya kai ɗari tara da sha biyu.

Kafin azahar gida ya cika. Ƙanensa Yero ya iso daga Isa bisa babur, idonsa jawur. Mu mata muna gidanmu, ni ina zaune ko kuka na kasa, sai kallon tafin hannuna nake yi. Can na ji hayaniyar maza ta canza, ta koma ƙasa-ƙasa. Wata tsohuwa ta leƙa ta tsagar katanga ta dawo tana tafa hannu.

"Masu ɗibar ruwan wanka sun ɗaga randa sun iske laya ƙarƙashi. An samu wata bisa ƙofa, wata cikin rumbu, har wuyan akuya. Kuma an buɗe, ba Larabci ba ne, ba Hausa ba, ba Turanci ba. Ba wanda ya iya karantawa."

"Baba Alhassan?" wata ta ce. "Mai sahun gaba? Kai, mutum sai Allah."

Kafin in buɗe baki na ji warin leda tana ƙonewa. Na ja mayafi na fita ba takalmi. Mijina Faruk yana bakin zauren Baba, ya ce, "Ke, ina za ki? Maza ne ciki." Na ce mishi ya biyo ni in yana so.

Abin da na gani a zauren shi ya fi ƙona mini rai. Mutane na neman takalmansu. Waɗanda ya yi wa shanunsu allura shekara talatin suna sulalewa ɗaya ɗaya, kowa kansa ƙasa, kada su tsaya sallar mutumin da ake cewa ya mutu da asiri. Liman yana zaune da carbi, ya ce a dakata tukuna. Bayan rumbu kuwa Yero ya juye gwangwanayen nan uku cikin wuta tare da ƙullin da anka fara samu, yana tura su da kara, hawaye na zuba cikin gemunsa.

"Baffa Yero, don girman Allah tsaya."

"Koma ciki, Fatu. Rufa mishi asiri nake yi. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ban san yana wagga harka ba."

"Wace harka? Karatu ne. Ku da kunka buɗe, ba wanda ya juya bayan takardar?"

Ashe ba wanda ya juya. Wanda ya buɗe na farko ya ga baƙaƙen da bai gane ba, ya yar, ya goge hannu a riga. Sauran ko kwance zaren ba su yarda sun yi ba. Ƙulli biyar sunka rage bisa tabarma gaban liman, waɗanda anka tsinto daga baya.

Na durƙusa daga nesa. "Allah gafarta Malam, a ba wanda ya iya boko ya karanta gaban. Ni za ni faɗi abin da ke baya, da wurin da anka ɗauko shi. In na yi kuskure ko ɗaya, ku ƙona sauran."

Liman ya dube ni, ya dubi Yero, sa'annan ya kwance zaren da hannunsa ya miƙa wa Faruk. Mijina ya karanta da ƙyar, kamar mai tauna tsakuwa.

"Capra."

"Akuya. Daga wuyan jar akuya kunka cire shi."

Ya juya katin, ya nuna wa liman. Masu takalmi a hannu sunka tsaya.

"Puteus."

"Rijiya. Yana cikin ramin da ake rataye guga."

"Pluvia."

"Ruwan sama. Ƙarƙashin indararo."

Ni kaina na yi mamaki. Ban taɓa zama don in koya ba, shekara biyu ina yi mishi dariya ina tambaya, ashe sun zauna mini a kai. Na faɗi ager, gona, wanda Baba ya ɗaura a ƙotar hauyar da ya daina fita da ita. Na faɗi ignis, wuta, na bakin murhu. Da na faɗi wannan sai kowa ya waiwaya bayan rumbu, inda hayaƙi ke tashi.

Yero ya saki karan. Ya durƙusa ya tura hannu cikin tokar da zafinta yana tonawa, bai fito da komi ba sai baƙin kwali da ke marmashewa a yatsunsa.

"Nawa ne a ciki?" ya tambaye ni.

"Ɗari tara da wani abu. Saura kaɗan ya cika dubu."

"Ya taɓa ce mini zai karanta mini abin da mutanen Rum sunka ce kan shanu. Na ce mishi tsufa ne." Ya dubi hannunsa. "Ni na fara cewa asiri ne, Fatu. Da bakina."

Liman ya miƙe ya kaɗe rigarsa. "A gama wanka. Wanda ya ɗauki takalminsa ya ajiye."

An yi mishi salla bayan azahar. Ta tsagar ƙofar zaurenmu na ga sahu ya cika layinmu har bakin shagon mai faci. Yero ya ɗauki gaban makara, hannunsa na dama naɗe da tsumma. Littafin nan mai cin gara ya aiko mini da shi kafin la'asar, ba saƙo, ni ma ban tambaya ba. Na buɗe shafin da Baba ya sa tsinke, na tsinci kalma huɗu da na sani cikin layin farko, sauran sunka yi mini duhu. Nan kukan ya zo mini.

Da na tashi alwalar la'asar, wani abu ya faɗo daga ƙugun zanena. Katin safe ne, sabo, kwalin ko laushi bai yi ba. Ban taɓa ganinsa ba sai ran nan. Na daɗe riƙe da shi, kamar har yanzu zai ɗaga yatsa ya ce in jira. Sa'annan na juya. Da rubutunsa mai karkata ya sa: maƙwabciya. Ƙasa, da ƙananan baƙaƙe: mai kawo fura.

Na yagi leda, na naɗe shi, na ɗaure da zaren da na tsinko daga bakin mayafina. Na tura shi cikin tsagar katangar da ke tsakaninmu. A can gefen, jar akuyar tana lasar wurin da furar ta zube.