Awon Ƙafar Masinja

Takalmin ya ƙi fita. Matar Masinja ta ja, ta zuba ruwan sabulu ta sake ja, sannan ta tsallaka titi ba ko mayafi ta tsaya a ƙofar shagon Tela.

"Tela, ɗauko babban almakashinka. Yanzu-yanzu."

Tela ya tarar da Masinja zaune a kan benci a tsakar gida, ya jingina da bango, gumi na tsattsafo masa duk da iskar da ruwan la'asar ya bari. Ƙafar dama tana waje, fara fat kamar ta wanda ya wuni a cikin wanki. Ta hagu tana cikin takalmin ruwa, baƙi, dogo har gwiwa, laka ta bushe a jikinsa. Ƙwaurin ya kumbura ya cika bakin takalmin tam.

"Ga likitan wando ya iso," in ji Masinja. "Yanka a hankali. Wannan ba yadin mutane ba ne da za ka ɓata ka ce haka ake yayi."

Tela ya durƙusa, ya cusa bakin almakashin ta gefe, ya fara yanka. Robar tana da kauri, shi da kansa ya zaɓe ta don kaurin. Da ya iso idon sawu sai warin ya taso. Matar ta kau da kai. Ya buɗe takalmin gida biyu, ya zare shi. Safar ta manne da fata. Babban yatsa da na kusa da shi sun yi baƙi, gefen ƙafar kuma da wani rami da kan babban yatsan hannu zai shiga.

"Tun yaushe?" in ji Tela.

"Wa ya sani? Ni ba na jin komai a wajen. Jiya ma a ciki na wuni."

Shekara goma sha tara ke nan ƙofofinsu suna kallon juna. Masinja ya yi shekara talatin yana ɗaukar fayil daga wannan ofis zuwa wancan, ya yi ritaya sunan bai yi ba. Ya kama ɗan fili a bakin rafi yana noman kabeji da karas da albasa. Da damina wurin taɓo ne zalla, shi kuma da silifa yake shiga, har likita ya hana shi. Duk layin an san yana da ciwon suga. Shi ne mai shan shayi salam yana tsokanar masu zuba cokali uku.

Mako biyar kafin wannan yammacin, Tela zai shiga gari sayen zare da maɓallai, sai Malama, babbar 'yar Masinja da ke koyarwa a firamare, ta shigo shagon da wani jan zaren saƙa a hannu.

"Kawu, don Allah ka sayo wa Baba takalmin ruwa. Ga awon ƙafarsa. Kada a rage ko kaɗan."

Ya karɓa, ya rataye a ƙusar da yake rataye tef. Da ta fita ya yi dariya shi kaɗai. Shekara arba'in yana auna mutane. Yakan kalli mutum daga bakin ƙofa ya faɗi ƙugunsa, a sa tef a tarar haka ne. Ƙafar da yake gani kullum a kan tabarmar shagonsa ce za a kawo masa a zare? Da zai fita ya ga zaren. Ba mantawa ya yi ba. Ya bar shi a ƙusar.

A kasuwa ya ɓata kusan awa guda yana zaɓe, kuma ya yi zaɓen da kyau. Ya ƙi mai sheƙi mara nauyi, don rana biyu za ta tsaga shi. Ya ƙi mai ƙarfe a baki, don zai yi wa dattijo nauyi a cikin laka. Ya lanƙwasa tafin wannan, ya duba zurfin zanen ƙasan wancan, ya cusa hannu yana lalube ko akwai ɗinkin da zai goga fata. Ya tsaya a kan mai shafin yadi a ciki.

"Lamba nawa?" in ji mai shagon.

"Arba'in da biyu."

"In da safa zai sa, gara ka ƙara ɗaya. Roba ba fata ba ce, ba ta buɗewa."

"Ni tela ne," in ji Tela.

Da Masinja ya gwada a ƙofar gida, sai da ya buga dunduniya a ƙasa sau biyu kafin ƙafar ta zauna. Ya taka zuwa bakin kwata ya dawo.

"Ya kama ni kamar surukin da bai so auren ba."

"Sabo ne. Zai saki."

"To, tunda gwani ya faɗa."

A asibiti aka cire yatsu biyun washegari. Bayan kwana huɗu likitar, wata mace mai magana a taƙaice, ta ce ciwon ya haura, sai an yanke daga ƙasan gwiwa. Tela ne ya tura shi a keken marasa lafiya zuwa ƙofar ɗakin tiyata. Da ya dawo ya tarar da Malama zaune a kan dogon bencin baranda, jakar kayan babanta a kan cinya. Ya zauna a ɗaya ƙarshen.

"Likita ta ce takalmin ne ya matse shi," in ji ta, idonta a kan bangon da ke gabanta. "Ni na auna, Kawu. Tun farko an gaya mini: mai suga ba a ba shi takalmi daidai ƙafa, a bar wa yatsu fili, a bar wa safa fili. Na sa ya taka takarda, na auna, na ƙara yatsu biyu kafin in yanke zaren. Ko dai ban ƙara ba? Ina ta tunani. A ranar ina sauri, ana jirana a makaranta. Wataƙila na ƙara a raina ne kawai, hannuna bai ƙara ba."

Tela ya dubi farcensa. Wata ma'aikaciya ta wuce da tire, ƙarafa suna ƙara a kai.

"Ki daina wannan tunanin, 'yar nan," ya ce. "Abin da Allah ya rubuta ne."

Ta gyaɗa kai. Ya ji muryarsa ta fita sumul, irin wadda yake yi in zai gaya wa mai kaya cewa gobe ɗinkinsa zai kammala.

Da ya koma shago da azahar, bai buɗe taga ba. Zaren yana nan a ƙusa, bayan tef. Ya shimfiɗa shi a kan teburin yanka ya auna: inci goma sha ɗaya da rabi. Yankakken takalmin yana bayan ƙofa, inda ya jefa shi a ranar da nufin zubarwa. Ya kwantar da tef a cikinsa daga dunduniya zuwa baki: goma da rabi. Idonsa bai yi kuskure ba. Ƙafar Masinja goma da rabi ce cif. Ya zauna a kan kujerar keken ɗinki har aka buga ƙofa ana tambayar wandon makaranta.

Daga ranar, kullum da safe yakan je lambun Masinja kafin ya buɗe shago. Ya buɗe wa ruwa hanya tsakanin kunyoyi, ya cire ganyen da ya ruɓe, ya yanki kabejin da ya ƙosa ya kai wa matar Masinja. Mutanen layin suka fara maganarsa. Mai shayi ya ce irin wannan maƙwabci sai an tona. Matar Tela ma ta ce ba ta san yana da wannan zuciyar ba. Kowace kalma sai ya ji ta kamar allurar da aka manta a cikin riga.

Ranar da ya samu Masinja shi kaɗai, kwana goma sha biyu ke nan da yankewar. Zanen gadon ya kwanta shafal a inda ƙafar take a da. Zazzaɓin ya ƙi sauka, fuskar ta zabge, amma bakin yana nan.

"Ka zo auna ni? Wandon yanzu ƙafa ɗaya da rabi ne. Kada ka ce za ka ci yadin duka."

Tela ya jawo kujera kusa. "Masinja, akwai maganar da nake so mu yi. Game da takalmin nan."

"Takalmi mai kyau. Ko ɗigo bai taɓa shiga ba."

"Ba wannan ba. Ranar da na je saye..."

"Ka duba albasar nan ta gefen rafi?" Masinja ya rufe ido. "In ruwa ya kwana a kanta ta tafi. Ka huda kunyar ta ƙasa, ba ta sama ba. Kai ba ka iya komai ba sai ƙafar wando."

"Na huda."

"To madalla." Sannan ya ce, ba tare da ya buɗe ido ba, "Yarinyar nan ba ta cin abinci. Ka lura?"

"Na lura."

"To."

Tela bai san ko Masinja ya taɓa ganin jan zaren a ƙusa ba. Masinja yakan zauna a shagon kowace yamma, fuskarsa tana kallon wannan bangon. Tela ya so ya tambaya. Ma'aikaciya ta shigo da allura, ta ce masu dubiya su ba da wuri.

Masinja ya rasu ranar Talata da ƙarfe goma da kwata na safe. Likitar ta ce ciwon ya shiga jini. Tela yana lambu a lokacin, laka har ƙwauri, wayarsa tana ta ruri a aljihun rigar da ya rataye a reshe.

Gidan ya cika kwana da kwanaki. Aka ari kujeru daga ko'ina a layin, Tela ya kawo nasa guda takwas na roba, farare. Yana zaune a ƙofa tare da maza, yana karɓar gaisuwa kamar ɗan'uwa. Ta tagar ɗaki yakan jiyo mata suna ba Malama haƙuri, wata gwaggonta tana cewa, "Ai ke kin yi iya yinki, kuskuren awo kowa na yi." Ashe ta gaya musu. Ashe maganar ta zama abin da dangi suka sani: ita ce ta gajarta zaren.

Da mutane suka watse, ya same ta da hantsi a tsakar gida tana wanke kujerun aro da soso, tana jera na kowane gida daban. Ta rame har zoben hannunta yana juyawa. Uwarta tana ɗaki.

"Sannu da aiki, Malama."

"Yauwa, Kawu. Naka na gama su, ga su can suna shan iska."

Ya tsaya a tsaye. Ya shirya maganar tun asuba, da gabatarwa da komai, amma abin da ya fito gajere ne.

"Awonki daidai ne. Kin ƙara yatsu biyun. Na auna, inci ɗaya cur kika ƙara."

Soson ya tsaya.

"Ban tafi da zaren ba. A shago na bar shi. Da ido na saya. Mai takalmin ma ya ce in ƙara lamba, na ƙi."

Ta ɗago ta dube shi. Bai taɓa lura cewa idonta irin na babanta ba ne sai yau da babu wasa a cikinsa.

"Mantawa ka yi?"

"A'a."

"Ranar da muke baranda, da na gaya maka, ka sani?"

"Na sani."

Ta mayar da soson cikin bokiti, ta matse, ta sake matsewa. Ruwan kumfa ya gangara ta wuyan hannunta.

"Mako uku, Kawu," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa don kada uwarta ta ji. "Ko kallon fuskarsa ban iya yi sosai ba. In ya yi mini wasa sai in fita waje. Ranar Litinin ya ce in zauna in ba shi labarin 'yan ajina, na ce ina da aiki." Ta share hanci da bayan hannu. "Ba ni da aikin komai."

"Ki yafe mini."

"Ba yau ba."

"Zan gaya wa mahaifiyarki. Da gwaggonki."

"Mama ni zan gaya mata. Gwaggo kai za ka je." Ta jawo wata kujera ta kifa ta. "Kwashe naka, za a yi shara."

Ya ɗauki biyu, ɗaya a kowane hannu, ya tsallaka titi ya ajiye a gaban shago. Ya dawo ya ɗauki biyu, ya sake dawowa ya ɗauki biyu. Mai shayi ya ɗaga masa hannu daga rumfarsa, shi kuwa hannuwansa duka biyu suna riƙe da kujeru. Da ya juyo zuwa na ƙarshe, ya tarar ta fito da su waje, ta ɗora ɗaya a kan ɗaya a gefen dakali, ta tura ƙofar ba tare da ta sa sakata ba. Kujerar sama ba ta gama bushewa ba. Ruwa ya taru a tsakiyar mazauninta, yana ɗiga ta ƙafa ɗaya a kan siminti.