Hannun Malama Dijatu

A shekarar da takardar rage ma'aikata ta sauko daga gidan gwamnati, soja na kan mulki, ofishin da Muntari ke aiki a Sakkwato yana da masu buga takardu biyu, shi da Malama Dijatu. Takardar ta ce mutum ɗaya ya isa.

Malama Dijatu ta shekara ashirin da biyu a kan tafireta. In tana bugu ba ta kallon haruffa, idonta na kan rubutun hannun da aka ba ta, yatsunta na gudu su kaɗai. Ita ta koya wa Muntari yadda ake ajiye yatsu lokacin da aka ɗauke shi aiki. Abu guda ya fi ta da shi: an taɓa tura shi kwas na wata uku a Kaduna, ya san kwamfuta.

Ana cikin haka Darakta, Alhaji Tambari, ya dawo daga Legas da kwamfutar tafi-da-gidanka. Ya kira su biyun, ya ɗora hannu a kan murfinta.

"Daga yau da wagga za a buga kowace takarda. Na ba ku wata guda. Wanda ya iya, shi za shi zamna."

A ƙasan haruffan na'urar akwai wani ɗan fili baƙi mai santsi, bai kai tafin hannu ba. In aka shafa shi, kibiyar da ke allo ta motsa. In aka ɗan taɓa shi, rubutu ya tsallake ya koma inda kibiyar take. An kuma haɗo ta da linzami mai igiya, wanda shi ma aikinsa ke nan. Tun ranar farko babban yatsan Muntari ya gogi filin, ya ga kalma ta faɗa tsakiyar wata. Ya san maganin abin. Kafin na'urar ta gama tashi akan danna wani maɓalli, allo ya koma shuɗi, a canza kalma ɗaya, shi ke nan filin ya mutu muddin linzami na jone. Nan take ya canza kalmar, aikin bai kai minti guda ba.

Aka raba musu lokaci, shi da safe, ita bayan Azahar. Ran nan da zai tafi masallaci ya tsaya yana kallon na'urar. Matarsa na da ciki, ga kuma ɗakin hayar da ya kama a unguwar Arkilla. Ya kashe ta, ya sake kunnawa, ya mayar da kalmar yadda take. Ya ce a ransa ai bai ɓata komai ba, yadda ya tarar da ita ya bar ta.

Malama Dijatu ta zauna ta yi bugunta yadda ta saba, ido a kan takarda. Da ta ɗago, shafin ya zama shirme. Rabin gaisuwa ya shige cikin kwanan wata, layi biyu sun ɓace. Ta goge ta sake, ya sake rikicewa. Muntari na teburinsa yana jera fayil, yana jin yadda ƙarar haruffan ke raguwa.

Kwana shida tana fama kafin ta yi masa magana, shi ma sai da ofis ya watse.

"Muntari, don Allah dubo min. Kai in kana bugu lafiya lau. Ni mi nika yi ba daidai ba?"

Ya zo ya tsaya a bayanta, ya ce ta buga layi ɗaya. Yana ganin babban yatsanta na dama yana sauka a kan filin duk sanda ta ba da tazara.

"Malama, na'ura ba ta kuskure," ya ce a hankali. "Ko dai hannun ne? Kamar na ga shina ɗan rawa."

Ta ɗaga hannun tana kallo. Ba ya rawa. Ta daɗe tana kallon hannun har ya soma.

Daga nan ta shiga neman magani. Ta je asibiti aka ce jininta lafiya. Ta zo da rubutun sha a kwalba. Ta daina shan shayi. Wata rana Muntari ya tarar ta ɗaure wuyan hannunta da ƙyalle tamau har yatsun sun kumbura. Ya tambaye ta jiki, ya ɗebo mata ruwa. Da aka kira Azahar washegari ya sake mayar da kalmar.

A mako na huɗu mahaifin wani babban hafsan soja ya rasu, Darakta ya rubuta ta'aziyya da hannunsa bayan La'asar, ya ce a buga maza direba na jira. Malama Dijatu ta buga, ta duba sama ta duba ƙasa, ba ta duba tsakiya ba. Darakta ya karanta zai sa hannu, sai ya ajiye biro. Ya sa aka tara ma'aikata duka har masu shara, ya miƙa mata takardar.

"Karanta muna abin da kinka buga. Da ƙarfi."

Ta karanta. Kalmomin rufewa sun tsallako cikin jimlar farko, takardar ta ce ofishin ya samu labarin rasuwar cikin farin ciki da godiya. Wani ya tuntsire da dariya ya rufe baki.

"Sake karantawa."

Ta sake.

"So kike a ɗaure ni? Shekara ashirin da biyu, ashe gwamnati gawa taka biya albashi." Ya juya. "Muntari, hannunta na rawa ko ba ya rawa? An ce kai ka gani."

Duk idanu suka dawo kansa.

"Ranka shi daɗe, shina yi."

Takardar sallamarta Muntari ne ya buga ta da safe, babu kuskure ko ɗaya.

Bayan wata biyar 'yarta Jummai ta haihu, 'yan ofis suka tafi barka unguwar Gidan Dahala, Muntari na cikinsu. Malama Dijatu na zaune a tabarma, ta rame, hannunta na dama a cikin mayafi. Da aka fito da jaririyar aka miƙo mata don ta nuna wa baƙi, sai ta ja baya.

"A'a, ba wa Muntari. Ni ban ɗaukar ta, kada in yada ta." Ta dubi matan da ke wurin. "Ko kofi ban riƙewa da shi yanzu. Wanga yaro shi ya fara gane ciwon, tun likita bai gani ba. Kullum sai ya tambaye ni jiki. Allah shi yi maka albarka."

Mata suka amsa da amin. Muntari ya karɓi jaririyar, ya yi mata addu'a, ya mayar wa uwarta. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, ya ci ya ƙoshi, sannan ya nemi izinin tafiya, domin Darakta ya bar masa jawabi mai shafi tara.