Goyo a Jirgin Ikko

A daminar 1976 aka fara cewa jirgin sama yana kashe jarirai. Wai idan ya lula ya wuce gajimare, akwai wata iska a can da ke danna maɗigar yaro, in dai ba ta riga ta rufe ba, sai a sauko da gawa. A wani gidan suna a Hayin Banki na fara jin maganar, kafin sati ya zagayo har matan manyan ma'aikata, masu karanta jarida, sun ɗauka. Kuma duk wanda ka tambaya shaidarsa guda ce: jikan Malam Yusha'u, ɗan wata biyu, da ya hau jirgi lafiya lau a filin Mando, aka sauke shi a Ikko ba rai.

Ni Hansai shekara talatin da ɗaya na yi ina karɓar haihuwa a asibiti kafin gwiwa ta zaunar da ni. Maɗigar da na taɓa ba ta ƙirguwa, ban taɓa ganin wadda iska ta lotsa ba. Duk da haka da na bar su da zancensu, in ba don Abdurrahim ba.

Abdurrahim ɗan jikata Hafsatu ne. Watansa huɗu, kansa yana tara ruwa, kullum sai ƙara girma yake, idanunsa har sun fara kallon ƙasa. Likita ya ce sai an yi aiki, mai aikin kuma yana Ikko, ya ba su ranar Litinin. In ta wuce sai bayan wata uku, yaron kuwa ba zai iya jiran wata uku ba. Likitan ya hana jirgin ƙasa saboda zafi da jijjigar kwana biyu. Sai mijin Hafsatu, Balarabe, ma'aikaci a sakatariya, wanda kowace la'asar yake ɗaukar karatu a zauren Malam Yusha'u, ya ce ɗansa ba zai hau jirgin sama ba.

"Hajiya, lafiyayye ma bai sha ba, balle wannan da maɗigarsa take a kumbure?"

"Kai da ka je kwas Ingila, ba ka ga 'ya'yan Turawa a jirgin ba?"

"Nasu daban ne."

"Da kwanon sha ake haihuwarsu a ka?"

Bai yi dariya ba. Hafsatu kuwa tana gefe, ta tallabe kan yaron da hannu biyu, don wuyansa ba ya iya ɗauka.

Ranar Talata da Laraba na hau tasi zuwa Mando, na sami benci kusa da wayar shingen filin na zauna. Duk jirgin da ya sauka ina duba hannun mata. Jarirai tara na gani, dukansu da rai, bakwai suna tsala ihu, ɗaya ma ya yi wa ubansa tumbuɗi a babbar riga. Na kai wa Balarabe labari. Ya ce, "Tara sun tsira, Hajiya. Na goman fa?" Ban ji haushinsa ba, tambayar tana kan hanya. Dole in san abin da ya sami na goman.

Malam Yusha'u ba maƙaryaci ba ne, na san shi tun yana da baƙin gemu. Na same shi ranar Alhamis da hantsi, ba karatu, yana zaune a buzu da baƙin tabarau, don yanar ido aka cire masa a Ikko. Dalilin tafiyarsa ke nan. Ɗansa Maliki yana aiki a can, ya aiko a kawo masa matarsa Sa'adiya da jaririn, Malam ya raka su a duba masa ido.

"Allah gafarta Malam, yaron ya yi kuka a jirgin?"

"Ko ƙis ban ji ba, Hajiya. Ga ƙarar injin ma, kunnena ya toshe."

"A ina yake lokacin?"

"Wurin uwarsa mana. Kujerarmu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, don rububin shiga aka yi, guri biyu suka rage." Ya girgiza kai. "Yarinyar nan 'yar mutunci ce. Ɗan fari ne, kuma sunana ya ci. Tun daga Mando har Ikko ko sau ɗaya ba ta waiwaye shi a gabana ba. Irin tarbiyyar da ta yi ƙaranci yanzu."

Waiwaye. Ba a waiwayen abin da yake kan cinya. Na yi masa sallama.

Sa'adiya tana gidan iyayenta a Kurmin Mashi, an dawo da ita ta huta. Na tarar da ita ita kaɗai a ɗaki, ta ɗaure ƙirji da ɗankwali don nono bai gama kafewa ba. Shekarunta ba su fi sha tara ba. A hannuna aka haife ta, shi ya sa ta sake da ni.

"'Yata, yaya kika shirya shi ranar?"

"An ce akwai sanyi a sama, Iya. Na sa masa hular ulu da auduga a kunne, na naɗe shi da tawul, na goya shi. Na ɗaura majanyi, na yafa babban mayafina, tunda da Malam za mu tafi."

"Da kika zauna ba ki sauke shi ba?"

Ta dube ni kamar na yi saɓo. "A gaban Malam? In rungume shi ina kallonsa? In ya nemi nono fa?"

"Ma'aikaciyar jirgin ba ta ce komai ba?"

"Ba ta san da shi ba. Mayafin ya rufe ni har gwiwa, shi kuma ɗan mitsitsi ne. Na ɗosana a bakin kujera, na sunkuya gaba don in ba shi wuri. Sai ta zo ta ja ɗamarar nan ta kujera, ta tsuke ta sosai, ta wuce. Da jirgin ya zabura sai na ji kamar an tura ni baya da ƙarfi. Na yi na yi in taso, na kasa."

"Shi fa?"

"Yana ta motsi. Yana shurina da ƙafa nan." Ta taɓa kwiɓinta. "Na kai hannu bakin zanen sau biyu. Malam yana jan carbi, gwiwar hannunsa tana taɓa tawa. Na ce bari mu ɗan daidaita tukuna. Da muka daidaita sai ya yi luf. Na ce alhamdulillahi, ya yi barci, bai kunyata ni ba."

Awa ɗaya da kwata ke nan tsakanin Mando da Ikko. Sai a motar Maliki, da Malam ya shiga gaba, ta kwance goyon.

Ta kama hannuna. "Iya, ke kin yi aikin asibiti. Iskar ce, ko? Kowa ya ce iskar ce."

Na ce mata ta riƙa shan ruwa da yawa, ta sassauta ɗaurin ƙirjin. Shekara talatin da ɗaya ina faɗa wa mata abin da ba su son ji, ranar na kasa.

A tasi ina ta juya abin. Maganar iskar nan ita ce ta rufa wa Sa'adiya asiri, har a wurin ita kanta. In na kwaye, dangin miji za su sami abin faɗa, ita kuma za ta kwana da shi ta tashi da shi har ta mutu. In na yi shiru, Litinin za ta wuce.

Ranar Juma'a bayan la'asar na je gidan Balarabe. Na yi niyyar in ja shi gefe, sai na tarar da Malam Yusha'u a falo, ya kawo wa yaron rubutu. Hafsatu tana bakin ƙofa a durƙushe. Abdurrahim ya daina karɓar nono tun safe.

"Hajiya mai binciken jirgi," in ji Balarabe. "An ce har Kurmin Mashi kin je."

"Na je. Ba iska ba ce. Ka kai yaron nan gobe."

"Kullum haka kike cewa. To, ga Malam, a gabansa aka yi. In ba iska ba, me ya kashe shi? Ki faɗa mini abu ɗaya da hankali zai ɗauka, wallahi da kaina zan kai su Mando gobe da safe."

"Mu fita waje in faɗa maka."

Malam ya cire tabarau, ya juyo da jajayen idanunsa wajena. "A'a, Hajiya. Jikana ne. A nan za ki faɗa."

Na dubi Hafsatu, na dubi kan yaron a tafin hannunta. Sannan na ce:

"A goye yake, Malam. Uwarsa ta ji kunyar sauke shi a gabanka. Ɗamarar kujera ta matse ta, jirgi ya danna ta baya, fuskarsa tana cikin tawul tsakanin bayanta da kujera. Ya yi ta shuri, ba ta kwance shi ba. Numfashi ya rasa, kana zaune kusa da shi."