Sa'ida Ba Baƙuwa Ba Ce

Da daminar shekarar da soja suka shirya miƙa mulki ga farar hula a karon farko Hajiya Sa'ida ta dawo Kano. Kusan shekara biyu ta yi a Omdurman ta ƙasar Sudan tana jinyar mahaifiyarta, har Allah ya karɓi abarsa. 'Yar Sudan ake ce mata a unguwarsu ta Mandawari, don can aka haife ta. Malam Hambali ne ya auro ta lokacin da ya je karatu, ya kawo ta cikin birni ko "sannu" ba ta iya ba. Yanzu kuwa Hausa ta zauna a bakinta daram, sai in ta fusata ne Larabci ke leƙowa. Ita ke haɗa wa amaren unguwa humra da turaren wuta. 'Ya'yanta biyu ne a raye: Nana Aisha da ke aure a Gwammaja, da Saminu da ke karatu a Zariya. Malam Hambali ya rasu shekara guda kafin tafiyarta.

Ranar da za ta taho, yayanta Abdulhakim ya raka ta filin jirgi yana ta faɗa. "Mijinki ya rasu, 'ya'yanki sun girma. Me ya rage miki a ƙasar mutane? Ga ɗakin mahaifiyarmu nan, ki zauna." Ta ce masa ita ma tana da ɗaki.

Da ta iso ta tarar da ɗakin nan nata cike da dilolin atamfa har rufi. Alhaji Ashafa, yayan marigayin mijinta, ɗan kasuwar Kwari, shi ya mai da shi sito. Gadonta an kwance an jingine da bango. Ta shimfiɗa tabarma a rumfa ta kwana.

Akwai abin da ya fi wannan damunta. Takardar izinin zamanta ta ƙare tana can, da hatimin baƙunta na 'yan watanni aka bar ta ta shigo. Nana Aisha ta raka ta ofishin shige da fice, suka samu wani ma'aikaci mai furfura, Malam Isyaku, ya juya fasfonta gaba da baya.

Ya ce, "Hajiya, hanya biyu ce. Ko a sabunta miki izinin zama, ki kawo wanda zai tsaya miki tunda maigidan ya rasu. Wannan ba wuya. Ko kuma ki nemi zama 'yar ƙasa, don doka ta ba matar ɗan ƙasa wannan dama ko da mijin ba shi da rai. Amma fa sai an kai Legas, kuma Legas ba ta sauri. Sannan sai kin ajiye fasfon Sudan. Ba a riƙe biyu."

"In na ajiye, in zan je ganin kabarin uwata fa?"

"Sai ki nemi biza, kamar kowane ɗan Najeriya."

Ta karɓi fasfonta ta cusa a jaka. A hanya Nana Aisha ta ce, "Umma, a sabunta kawai. Baffa Ashafa ya sa hannu, a huta." Sa'ida ma a lokacin haka ta gani.

Washegari Alhaji Ashafa ya zo, ya zauna a kan kujerar ƙaninsa a zaure, ita tana daga bakin ƙofa. Bayan ta'aziyya ya ce zai tsaya mata, ba komai. Sai dai yana da shawara. Mace ita kaɗai a gida kamar wannan bai dace ba. Ta koma Gwammaja wajen 'yarta, shi zai kula da gidan har Saminu ya gama karatu.

Ta ce, "Yaya Alhaji, gidan marayu ne, kuma uwarsu tana da rai."

Ya yi murmushi. "Wa ya ce ba ta da rai? Amma kin san baƙo raɓa ne, Sa'ida. Yau kina nan, gobe kina Sudan. Kin tafi shekara biyu, wa ya riƙe gidan? Ki yi tunani. Hannuna yana nan, in kin shirya."

Ta gane maganar sarai. Duk lokacin da takarda ta ƙare sai ta je ta durƙusa a gabansa, shi kuma ya faɗi sharaɗinsa.

Ana cikin haka ranar zaɓe ta zo. Karon farko ke nan da matan birni za su jefa ƙuri'ar zaɓen shugaban ƙasa, unguwa ta cika da hayaniya tun hantsi. Maƙwabciyarta 'Yardada, wadda ta koya mata tuƙa tuwo tana amarya, ta leƙo da sabon mayafi tana cewa, "'Yar Sudan, taso ki raka ni, ban san yadda ake yi ba." Suka tafi firamaren unguwa. Layin mata ya miƙe har bayan katanga. Ga tsofaffin da Sa'ida ta yi wa 'ya'yansu turare, ga yaran da aka haifa a gabanta, kowa da katinta a hannu. Ita ta tsaya a gindin darbejiya tana riƙe wa 'Yardada lema.

Wani ɗan jam'iyya ya matso ya ce, "Hajiya, ki shiga layi mana." Kafin ta amsa wani ya ce masa, "Ƙyale ta, ba 'yar ƙasa ba ce." Ba da mugunta ya faɗa ba, har gaishe ta ya yi. 'Yardada da ta fito ta so ta gyara, ta ce ai don ta yi tafiya lokacin rajista ne. Sa'ida ta ce, "Ko ina nan ba za a rubuta ni ba. Shekara ashirin da wani abu ina shan ruwan garin nan, a nan na binne miji da ɗa guda, wai har yau raɓa ce ni."

Da ta koma gida ta aika aka kira mata 'yan dako. Ta tsaya a kansu suka kwashe dilolin atamfa kaf, suka jera a zaure, ta sa aka rufa musu tamfal saboda ruwa. Ta sa aka ɗaura gadonta, ta share ɗakin, ta kunna turaren wuta har hayaƙi yana fita ta taga.

Kafin la'asar labari ya kai wa Alhaji Ashafa. Ya shigo har tsakar gida ba sallama.

"Ke wa ya ba ki izinin taɓa mini kaya?"

"Wanda ya ba ka izinin kwance mini gado, Yaya Alhaji. Kayanka suna nan lafiya, ko yadi ɗaya bai jiƙe ba. Ka turo a ɗauka."

"To wallahi ki nemi mai tsaya miki. In takardarki ta ƙare a tasa ƙeyarki zuwa filin jirgi, ba ruwana."

"Na hutar da kai. Ba sabuntawa zan yi ba. 'Yar ƙasa zan zama."

Ya yi dariya har da tafa hannu. "Ke? Kin san Legas kuwa? Maza masu boko sun gaji sun bari."

"In sun gaji, ni ba ni da wani aiki sai jira. Na yi jiran Hausa ta shiga bakina, na yi jiran uwarku ta daina kirana Balarabiya, Allah ya jiƙanta, har ta mutu a kan cinyata. Legas ce za ta gagare ni?"

Ambaton mahaifiyarsa ya yanke masa dariyar. Ya gyara babbar rigarsa ya fita.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Ana bukatar mutum biyu 'yan ƙasa su shaide ta. Mutumin farko da ta je wajensa, wani dattijo abokin cinikin Alhaji Ashafa, ya yi ta kwana-kwana yana cewa maganar dangi ce, ba ya son shiga. Malam Ado, wanda suka koyar tare da Malam Hambali, shi bai ko bari ta gama bayani ba ya ɗauko biro. Na biyun Malam Ilu ne, mijin 'Yardada, wanda matarsa ta ce masa ba za ta ɗora tukunya ba sai ya je. Ya je, yana dariya yana cewa yunwa ce ta kawo shi.

Malam Isyaku ya ƙara mata wa'adin zama har a ji daga Legas. Soja suka sauka, farar hula suka hau, aka shekara, aka sake shekara. Sau biyu aka ce fayil ɗinta ya ɓace. Karo na biyu ta sa Saminu a gaba suka hau jirgin ƙasa har Legas, ta zauna a bencin ma'aikatar kullum daga safe har a tashi, ba ta roƙo ba ta faɗa, tana jan carbi. Da suka gaji da ganinta, fayil ya fito.

Ranar da aka kira ta rantsuwa ita ce mafi nauyi. Da aka ce ta miƙa fasfon Sudan sai ta buɗe shi ta daɗe tana kallon sunan mahaifinta da aka rubuta da Larabci. Ma'aikacin ya ce in tana son ta ƙara tunani ba laifi. Ta ce ta gama tunani tun a gindin darbejiya, shi bai gane ba. Ta ajiye masa a kan tebur, ta yi rantsuwar, sannan ta fita waje ta yi kukanta son ranta.

Abdulhakim da ya ji ya aiko cewa ta sayar da asalinta, ya ɗauke mata ƙafa shekaru. Ta ce asali ba a takarda yake ba, ta ci gaba da aika masa goro da yaji duk lokacin da ta samu mai tafiya, ko ya karɓa ko ya zubar. Alhaji Ashafa kuwa gaisuwa kaɗai ke haɗa su, sai da aka zo aurar da autarsa matarsa ta lallaɓo ta ce babu mai haɗa humra kamar ta Sa'ida. Ta haɗa, ta ƙi karɓar ko kwabo, ta kuma je bikin da kanta ta zauna a cikin iyayen amarya.

A gidan nan na Mandawari ta tsufa. Saminu ya yi aure ya kawo matarsa, jikoki suka cika tsakar gida, ta koya wa biyu daga cikinsu sana'ar turare. Da ciwon ƙafa ya kama ta sai ta koma zama a rumfa, mata suna zuwa har nan su same ta.