Gilashi Ta Yi Kumatu

Shekara talatin da ɗaya Gilashi ta yi tana auren mai burodi, kuma a duk shekarun nan ba a taɓa gaishe ta an tsaya a "ina kwana" ba, sai an ɗora da "ya jiki". Dangin mijin ne suka sa mata Gilashi, wai ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ta tsage. Ciki ya kumbura kamar kwaɓin da aka manta a rana, yau gudawa, gobe ƙullewa, ga jiri, ga ƙuraje masu ƙaiƙayi a gwiwar hannu. An ce gyambon ciki ne, an ce ƙarancin jini, an ce tsutsa. Yaya, babbar yayar mijin, ta ce son jiki ne.

Shi maigidan jinya ɗaya ya iya. Kullum da safe, burodin farko da ya fito daga tanda ba na sayarwa ba ne. Sai ya naɗe shi a tawul, ya tsallako titi da gari har a girarsa, ya ajiye mata a gefen gado.

"Ci da zafinsa, ki samu ƙarfi."

Ranar da jikin ya yi tsanani, biyu yake kawowa.

Wata Talata ya faɗi a gaban tandar, bai tashi ba. Kowa ya ce ikon Allah, ga wadda ake ta kallo ana jira, ga kuma wanda aka ɗauka.

Tun daga ranar Gilashi ba ta sake kai burodi baki ba. Ba ma burodi kaɗai ba, taliya, biskit, kek, duk abin da ya ji fulawa, don ƙamshin fulawa ƙamshin rigarsa ne. Ta koma shinkafa da dankali da ƙwai, tana ci tana hawaye.

Sati na uku ta farka da safe ta ji wani abu baƙo a jikinta. Ta kwanta shiru tana laluben mene ne. Ashe babu inda ke mata ciwo ne. Kafin wata biyu ƙurajen sun bushe, ta hau benen maƙwabciya ba ta tsaya a tsakiya ba. A wata na uku zoben da yake yawo a yatsarta ya ƙi fita, kumatu suka fito, fata ta yi sheƙi. Ta daina duba madubi, don matar da take gani a ciki ba ta yi kama da wadda aka yi wa rasuwa ba.

Yaya kuwa ta duba. Ta zo ta zauna a kujerar marigayi, ta cika ta dam, ta ƙare wa Gilashi kallo daga sama har ƙasa.

"Ke, wane mai kike shafawa?"

"Ba komai, Yaya."

"To, madalla. Mu dai tun da ƙanena ya tafi abinci ba ya wuce mana nan." Ta nuna wuya, ta jawo farantin dankali gabanta. "Shekara talatin yana ɗawainiya da ke, asibiti asibiti, ashe maganin naki yana kusa. Ashe shi ne ciwon."

Maganar ta zaga dangi kafin dankalin ya huce. Wata ta ce ta ga Gilashi tana dariya a shagon mai kayan miya. Wata ta ce ai har gudu ta yi ta tari mota. Aka daina ce mata "ya haƙuri", aka koma "kin yi kyau", da irin muryar da ake cewa "mun gane ki". Ta jure a kira ta raguwa shekara talatin, amma a ce ba ta son mutumin nan, a ce mutuwarsa ce ta karɓe ta, wannan ya hana ta sakat.

Ta shirya ta tafi asibiti. Likitar wata mace ce mai tabarau a kan hanci, ta tambaye ta me ke damunta.

"Likita, lafiya ce ta dame ni."

Likita ta ajiye biro. "Mama, ban taɓa samun irin wannan ba. Faɗa mini."

Ta faɗa mata komai, tun daga tawul har zobe. Likita ta yi ta tambaya: me ta daina ci, yaushe, ƙurajen a ina suke. Sannan ta ce tana zargin wata cuta da ake kira siliyak. A cikin alkama akwai wani abu mai danƙo, shi ke sa kwaɓi ya yi yauƙi ya tashi. Yawancin mutane ba ya musu komai, amma wasu da ya shiga sai jikinsu ya far wa hanjinsu da faɗa, har hanjin ya kasa tsotsar abinci.

"To, a gwada ni yau," in ji Gilashi, tana naɗe hannun riga.

"Yau ba zai nuna ba. Kin yi wata uku ba ki ci ba, jininki ya huce. In kina son takarda, sai kin koma cin burodi, yanka biyu kullum, sati shida. Sannan mu ɗebi jini, mu zura 'yar kyamara ta baki mu duba hanjin."

"Wato sai na koma ciwo kafin ku yarda ina da ciwo?"

"Haka gwajin yake, Mama. Ba dole ba ne."

"A wajenki ne ba dole ba. Ba ki san Yaya ba."

Ta saya a shagon bakin titi, burodin wani, a leda, mai sanyi. Yankan farko ta fi rabin awa tana kallonsa. Ta ci kamar mai haɗiyar ƙwaya. A kwana na huɗu cikin ya tuna aikinsa. A sati na biyu ƙurajen suka dawo gidansu, a na huɗu zobe ya soma yawo, ido ya faɗa.

Dangi suka ji daɗi ƙwarai. Yaya ta zo ta same ta a kwance, ta dafa goshinta, har da ƙwalla.

"Allah sarki, sai yanzu mutuwar ta shige ta. Dama wasu sai a hankali." Ta juya ga sauran mata. "Ku dube ta, kamar a hure. Ni dama na ce yarinyar nan tana son ƙanena."

Aka dawo da "ya haƙuri". Aka riƙa zuwa dubiya, kowa da ledar burodi, don an ji shi kaɗai take iya ci. Gilashi tana kwance tana murƙususu, tana jin ana yabonta a falo, ta ga ashe hanya mai sauƙi ce: yanka biyu kullum, sunanta ya gyaru har ta mutu. Ta yi wannan tunanin da gaske, ba sau ɗaya ba.

Aka ɗebi jini, aka zura kyamara. Ranar karɓar sakamako likita ta juyo mata da hoton hanjinta, ta ce wurin da ya kamata ya yi gashi-gashi kamar tawul ya zama sumul kamar faranti.

"Ita ce. Ba ta da magani sai bari. Ba alkama, ba sha'ir, har abada. Ki raba tukunya da cokalin katako da na masu cin taliya, ko ɓurɓushi kada ki raina. Ki karanta bayan kowane gwangwani."

"Ba na karatu sosai."

"Ki sa a karanta miki. Kuma 'ya'yanki su zo a gwada su."

Gilashi ta riƙe takardar. Ta zo neman shaidar da za ta wanke ta, ga shi an ba ta, amma ba ta lura da ɗaya gefen ba sai yanzu. Safiya dubu goma sha ɗaya, mutumin nan yana tsallako titi da tawul, yana sauri kada ya huce.

"Likita, ranar da na fi jin jiki biyu yake kawowa."

Likita ta tura mata kwalin tishu.

Da ta koma gida ta tarar da Yaya a kujerar marigayi, da sabon burodi a cinya, ta riga ta dafa wa kanta shayi.

"Zo ki ci, ƙanwata."

"Na daina, Yaya." Ta miƙa mata takardar, ta yi bayani yadda ta iya, danƙo da hanji da faranti.

Yaya ta riƙe takardar nesa da ido, ta juya ta baya. "Wato ƙanena guba ya yi ta ba ki? Abin da kika je kika sa aka rubuta ke nan?"

"Bai sani ba. Ni ma ban sani ba. Kuma wallahi da zai shigo gobe da safe da tawul ɗin nan, zan karɓa in ci, ina sane, in kwana uku a banɗaki. Amma nasa. Ba zan ci na bakin titi don ku ce mini ya haƙuri ba. Zan yi ƙiba, Yaya, gara ki sani tun yanzu. Ke ma ban ga kin rame ba."

"Ni jikina ne haka."

"To, ni ma ashe nawa ne haka."

Yaya ta ajiye takardar. Ta yago gefen burodin don ta samu abin yi da hannu, ta tauna, ta ɓata fuska. Gilashi ta karɓi ragowar, ba ta ci ba, ta matsa shi da yatsa, ta kai hanci.

"Bai gasu ba," in ji ta. "An yi gaggawar fitarwa."

"Sukari ya yi yawa," in ji Yaya da cikakken baki. "Ƙanena ko kaza ba zai ba wannan ba."

Nan suka zauna suna zagin burodin wani, har Yaya ta cinye shi, su biyun suna share ido.

Kafin sati labari ya sake zaga dangi, amma yadda Yaya ta gyara shi. Wai likitoci sun zura kyamara sun gani da idonsu, matar nan shekara talatin tana cin abin da ke kashe ta, ba ta taɓa cewa uffan ba, saboda daɗin hannun ƙanenta. Gilashi ba ta gyara mata ba. Ta sayi sabon cokalin katako ta ɗaura masa jan zare, ta kai zoben wajen maƙeri a buɗa shi. Tawul ɗin kawai ta bari ba ta wanke ba, ta naɗe shi a leda biyu saboda garin fulawar da ke jikinsa, ta sa a ƙasan akwati.