Mai Sauraron Sama

Ƙarfe huɗu saura kwata na yammacin jajiberin Kirsimeti, rana ta yi sanyi, sama kuwa garau take, ko ɗigon gajimare babu. A Umuokoro ba a son irin wannan sama tun da aka fara yaƙi, don a cikinta jirage suke zuwa.

Rediyo ɗaya ce ta rage a ƙauyen, ta Dede Iroegbu, wanda ya tsufa a aikin jirgin ƙasa. Tun safe ya shanya batir huɗu a kan dutse su sha rana, wai haka suke farfaɗowa. Da ƙarfe huɗu za a yi shirin gaisuwar sojojin Biyafara, a sa kiɗa, a karanta sunayen waɗanda suka aiko da saƙo gida daga bakin daga.

Akwai ƙa'idar da aka kafa tun ranar da jirgi ya jefa bam a kasuwa ana tsakiyar jin labarai. In an kunna rediyo, mutum ɗaya zai tsaya can gindin mangwaro, inda sautin ba ya kaiwa sosai, ya kasa kunne ga sama. In ya ji ruri, sai ya buga wilin motar da aka rataye a reshe, a kashe rediyo, kowa ya faɗa ramin ɓuya. Gida gida ake bi. Yau layi ya zo kan Uloaku.

Wata biyar ke nan rabon da ta ji labarin ɗanta Aham, da ke bakin daga.

Ta sami Dede yana goge kan batir da gefen zaninsa. Ta durƙusa.

"Dede, a ɗaga mini na yau. Zan tsaya gobe da jibi."

"Wa zan ce ya tafi, 'yata? Duba mana." Ya nuna tsakar gida da haɓa. Mutane sun cika, wasu a kan turmi, wasu a ƙasa. "Kowa da nasa a can. In an kira Aham, ni da kaina zan zo in gaya miki."

"Kai da sai an maimaita maka sau biyu?"

Aka ɗan yi dariya. Dede ma ya murmusa.

"Kunnen hagu ne ya mutu. Na dama yana nan yana aikin gwamnati."

Ejiaka na zaune a bakin ƙofa tana tsinke ganyen rogo. Katanga ɗaya ta raba su da Uloaku, kuma tun bara ba sa ga maciji saboda iyakar gonar gwaza. Nata ɗan an binne shi da damina. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Ranar da aka kawo mini nawa, washegari na tsaya. Ban roƙi kowa ba."

Uloaku ta karɓi guntun rodin buga wili daga hannun Dede, ta nufi mangwaro.

Daga can, kiɗan yana zuwa kamar kukan sauro. Ta gane jita, ta gane ganga. Sai kiɗan ya tsaya, muryar namiji ta fara, amma ba a rarrabe kalma. Wata mata ta yi guɗa a tsakar gida. An kira na wani ke nan.

Ta ɗaga ƙafa ta matsa taki biyu. Ta ƙara uku. Yanzu tana tsintar ƙarshen kalmomi: "...yana gaida mahaifiyarsa... kada a sayar da akuyar..." Aka kwashe da dariya. Ta sake matsawa har ta kai shingen gidan Dede, ta dafa shi. A nan ta lura ba ta jin komai sai rediyo. Ko tsuntsu ba ta ji. Ta tsakankanin shinge ta hango yara bakwai ko takwas zaune a gaban akwatin rediyon, cikinsu a kumbure, suna kaɗa kai.

Ta koma gindin mangwaro da baya da baya.

Ba ta daɗe da tsayawa ba ta ji shi. Wani abu ne can ƙasa-ƙasa, ta gabas, wanda ciki yake fara ji kafin kunne. Ta ce wa ranta motar sojoji ce a babban titi. Ta ce iska ce a cikin kwakwa. A tsakar gida an sake tsayar da kiɗa, mai karatu ya ɗauki sabon jeri. In ta buga, Dede zai kashe, kuma ba a karanta suna sau biyu.

Ta ƙirga numfashi uku. Rurin bai tafi ba, ƙaruwa ya yi.

Ta buga. Ta yi ta bugawa har rodin ya ƙona mata tafin hannu.

A cikin rami an matsu, ga warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ga gumi. Wata tsohuwa tana jan carbin coci a hankali. Rurin ya zo, ya girgiza itatuwan da aka rufe ramin da su, ƙasa ta zubo wa mutane a wuya. Ya wuce. Can nesa, wajen tashar jirgin ƙasa, aka ji dum, dum, sau biyu. Aka jira. Aka ƙara jira.

Dede ne ya fara fita, rediyo a hammata. Ya duba agogo.

"Saura minti shida. In batir ya yarda."

Mutane suka bi shi suna kaɗe jiki. Uloaku ta koma wurinta, don ba a sauka sai an kashe rediyo. Ta jingina da bishiya, ta zuba wa sama ido.

Sai ta ji an zare rodin daga hannunta. Ejiaka ce, ƙasa har cikin gashinta.

"Hannunki na karkarwa. In jirgin ya dawo ba za ki iya buga komai ba, ki sa a kashe mu a banza. Matsa."

Uloaku ta ruga, ko waiwaye ba ta yi ba.

Muryar ta yi ƙasa ƙwarai, sai da Dede ya sa kowa ya yi tsit. Ta durƙusa ta manna kunnenta a jikin akwatin. Suna ɗaya, biyu, huɗu, duk na wasu garuruwa. Muryar tana nutsewa tana tasowa. Dede ya ciro batir ɗaya, ya murza shi a cinya, ya mayar.

"...Ahamefula Ukandu, ga mahaifiyarsa a Umuokoro. Ya ce ƙafar ta warke, yana takawa. Ya ce ta ci abinci..."

Sauran ya tafi cikin shuu.

"Wace ƙafa?" in ji Uloaku. Ta dubi Dede, ta dubi matan. "Me ya sami ƙafarsa?"

"Ya ce yana takawa, Maman Aham," in ji Dede. "Da kunnen dama na ji."

Ta zauna daɓas a ƙasa, mata suka kewaye ta.

Ejiaka ba ta san an kashe rediyo ba, don ba wanda ya tuna ya gaya mata. Ta tsaya har inuwar mangwaro ta kai shinge. Sannan ta jingine rodin a gindin bishiya, ta koma ta ɗauki kwaryar ganyenta.